Wa Zai Binciko Mana Abin da Tarwaɗa Za Ta Ci?

Duk wanda ya zauna da masu kiwon kifi a 'yan shekarun nan, ko a bayan garin Kano ne, ko a Kaduna, ko a Bida, ko a bakin Kogin Binuwai, ya san cewa hirarsu, ko daga ina ta faro, ba ta ƙarewa sai a kan tsadar abinci. Tun daga tsakiyar shekarar 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemi darajarta da kanta a kasuwa, buhun abincin kifi ya yi irin tashin da ya sa mutane da yawa, waɗanda suka haƙa kududdufi da guminsu, ko suka gina tanki da kuɗin sallamar da suka karɓa bayan sun ƙare ƙuruciyarsu a aikin gwamnati, suka kwashe ɗan abin da ya rage musu na kifi suka sayar da hasara, suka bar wurin ya bushe. Galibin masu sharhi sukan ɗora alhakin wannan musiba a kan Dala, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma a ganina Dala tona asirin ciwon kawai ta yi, domin ciwon ya daɗe a jikinmu, shi ne cewa mun rungumi sana'ar da kusan dukkan ilminta, tun daga irin kifin har zuwa ƙwayar da ake watsa masa, wasu ne suka bincika a ƙasashensu, da dukiyarsu, saboda bukatunsu, mu kuwa muka gamsu da matsayin mai saye.

Kafin in kawo hujjata, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kansa. Hukumomin Nijeriya da bakinsu sukan ce ƙasar tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a kowace shekara, alhali abin da ake samu a cikin gida, in an haɗa na teku da na koguna da na tafkuna da na kiwo, bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ne dalilin da ya sa titus da shawa da kote, waɗanda aka kamo a tekunan da ba namu ba aka daskarar da su a cikin ƙanƙara, suka zama su ne kifin miyar talaka daga Ikko har Illela. Ruwayen da iyayenmu suka dogara da su kuwa ba za su cike wannan giɓi ba. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ya janye ƙwarai bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, sa'an nan fitina ta zo ta tarwatsa kasuwar banda ta Baga wadda da ta ciyar da sassa da dama na ƙasar nan. Fadamar Hadejia da Nguru kuma, tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ba ta ƙara samun irin ambaliyar da kifi yake hayayyafa a cikinta kamar da ba. Ba mu kaɗai muka iske kanmu a wannan hali ba, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, karo na farko a tarihin 'yan Adam, dabbobin ruwan da aka kiwata, tan miliyan 94 da ɗoriya, sun fi waɗanda aka kamo da koma da taru yawa. Kiwo dai ya zama tilas, kuma wanda zai yi kiwo lalle ne ya san cikin dabbarsa.

To, mene ne a cikin buhun abincin kifin nan da yake cinye kashi sittin zuwa saba'in cikin ɗari na duk abin da mai kiwo yake kashewa? Tarwaɗa, wadda ita ce mafi yawan kifin da muke kiwatawa, halitta ce mai son nama, kuma masana sun tabbatar ta hanyar gwaji cewa ba ta girma yadda ake so sai abincinta ya ƙunshi furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi arba'in cikin ɗari, jaririyarta kuwa tana bukatar fiye da haka. Amma a nan akwai wata daƙiƙar mas'ala wadda yawancin masu haɗa abinci a gida ba a sanar da su ba: jikin kifi ba ya amfani da furotin a dunƙule, sai ya warware shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino, kuma guda goma daga cikinsu jikinsa ba ya iya ƙera su da kansa, dole ya same su a cikin abinci, kowanne bisa gwargwadonsa. In ɗaya ya yi ƙaranci, yawan sauran ba ya amfanar da kome. Misalinsa kamar magini ne da aka tara wa tubali dubu aka ba shi azara uku, ɗakin da zai rufe gwargwadon azararsa ne, sauran tubalin kuwa sai ya zube a banza. Abin da ya yi saura a cikin kifi haka yake fita ya gurɓata ruwa, ya jawo cuta, mai shi yana ganin ya ciyar, alhali ya yi almubazzaranci ne bai sani ba.

Abin da ya sa garin kifi, wato ƙananan kifayen teku da ake dafawa a matse a busar a niƙa, ya zama sarkin kayan haɗi, shi ne cewa yana ɗauke da furotin fiye da kashi sittin cikin ɗari, kuma waɗannan sinadarai goma suna cikinsa daidai da yadda kifi yake bukata. Sai dai farashinsa ba a kasuwar Dawanau ake yanke shi ba. Ƙasar da ta fi kowace fitar da shi ita ce Peru, kuma duk shekarar da ruwan tekun can ya ɗumama ƙananan kifayen suka ɓace, kamar yadda ya faru a 1972 ya kuma sha maimaituwa bayan nan, sai farashin ya tashi a duniya baki ɗaya, mai tanki biyu a Zariya ya biya kuɗin wani yanayi da bai taɓa jin labarinsa ba. Akwai kuma wani ɓangare na wannan ciniki wanda ya kamata ya dami zuciyar kowane mai imani. A gaɓar Muritaniya da Senigal da Gambiya an kakkafa masana'antu masu niƙa kifin da talakawan can suke ci, kuma wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar tare da wata ƙungiya a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na irin wannan kifi ake kwashewa kowace shekara a mayar da shi gari da mai, a tura Turai da Asiya domin ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sana'ar da za ta cire kifi daga bakin matar da take bandarsa a Senigal domin ta ƙosar da kifin mai hali a wata nahiya, ba sana'ar da za mu kwaikwaya ido rufe ba ce.

Waɗanda suka riga mu a wannan fage sun fahimci haka tuntuni, kuma abin da ya fitar da su shi ne bincike mai tsawon rai. Mutanen Norwe, waɗanda suka fara zaɓen irin kifin salmon a farkon shekarun 1970, a shekarar 1990 wajen kashi casa'in cikin ɗari na abincin kifinsu daga teku yake fitowa. Amma bayan shekaru ashirin da 'yan kai na gwaji a kan waken suya da alkama da man tsirrai, sai da suka mayar da wannan kaso ƙasa da sulusi, kifin kuma bai daina girma ba. Labarin jatan lande ya fi wannan ban sha'awa. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Motosaku Fujinaga, tun a farkon shekarun 1930 ya sa jatan lande ya yi ƙwai a cikin tanki, amma 'ya'yan sai su ƙyanƙyashe su mutu, domin wannan halitta tana sauya siffa sau da dama kafin ta yi kama da uwarta, kuma a kowane mataki bakinta da cikinta dabam suke. Ya shafe shekaru kafin ya gane cewa a matakin farko na cin abinci, wasu tsirran ruwa ne da ido ba ya gani suke rayar da su, kuma sai da aka yi kusan shekaru talatin kafin aikinsa ya zama sana'ar da ake cin riba. Daga baya wasu masanan na Japan suka gano cewa jatan lande ba ya iya ƙera kolestarol a jikinsa, alhali ba ya iya saɓa ɓawonsa ya girma sai da shi, don haka dole a sa masa a cikin abinci. A kan irin waɗannan ƙananan sani, waɗanda mai gaggawa zai raina, aka gina sana'ar da a yau ta sa jatan lande yake gogayya da man fetur wajen kawo wa ƙasar Ekwado kuɗin waje.

Amma misalin da ya fi sosa mini rai shi ne na karfasa, domin ita tamu ce, 'yar Kogin Nilu da Kwara da Tafkin Chadi. A shekarar 1988 wata cibiyar bincike da take ƙasar Filifin a lokacin, wadda yanzu ake kira WorldFish, tare da masana daga Norwe, ta aiko aka ɗebi karfasar daji daga Masar da Ghana da Kenya da Senigal, aka haɗa da waɗanda ake kiwo a can, aka yi ta zaɓen waɗanda suka fi saurin girma ana haɗa su aure, zuri'a bayan zuri'a, har tsawon shekaru goma, kafin aka fitar da irin da ake kira GIFT, wanda ya bazu a Bangaladash da Sin da Tailan da Biyetnam ya ciyar da miliyoyin mutane. Sai a 'yan shekarun nan aka fara kawo wannan iri Nijeriya, muna murna, alhali kakanninsa daga ruwayen nahiyarmu aka kwashe su. Tarwaɗar ma haka labarinta yake, domin an fara gwada kiwonta a Afirka ta Tsakiya, amma a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan aka daidaita yadda ake sa ta yin ƙwai da allura da yadda ake renon jariranta, a shekarun 1970 da 1980, shi ya sa har gobe masu ƙyanƙyasa suke alfahari da cewa irinsu na Holan ne. Hatta abincin farko da ake ba jaririn tarwaɗa a kwanakin da ya fara buɗe baki, ƙwan wata 'yar mitsitsiyar halitta ta ruwan gishiri ne, wanda ake kawowa a gwangwani, mafi shahararsa daga wani tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Ban faɗi wannan don in zargi waɗanda suka yi aikin ba. Sun yi ƙoƙari, sun ci moriyar ƙoƙarinsu. Masar ma, wadda ƙasa ce ta hamada kamar arewacinmu, ta riƙe nata binciken a Abbasa ta fitar da irin karfasarta, kuma a yau tana kiwata kifi fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ta fi kowace ƙasa a Afirka nesa ba kusa ba.

Ba kuwa za a ce ba mu da gidajen da aka gina domin wannan aiki ba. Tun a farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. A 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji, aka fara aikin binciken tafkin, wanda daga bisani ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa; a 1975 aka kafa takwararta ta teku a Ikko; akwai kwalejojin koyar da sana'ar kifi a Bussa da Baga, kuma da wuya ka sami babbar jami'a a Arewa wadda ba ta da sashen da ake karantar da wannan fanni. A cikin waɗannan wurare akwai malamai masu zurfin sani, waɗanda da dama daga cikinsu, da sun zauna a ƙasashen da suka yi karatu, da sun zama abin nuni. Illar tana ga yadda muke riƙon su. Kukan da ma'aikatan cibiyoyin bincike suka daɗe suna yi shi ne cewa albashi yana zuwa, amma kuɗin gwaji ba ya zuwa, ko ya zo a ƙarshen shekara bayan lokacin hayayyafar kifi ya wuce. Kuma aikin zaɓen iri, wanda yake bukatar a riƙe zuri'a ɗaya shekara goma ba tare da yankewa ba, ba ya jure wutar da ake ɗaukewa ko kasafin da ake mantawa, domin dare ɗaya da famfo ya tsaya ya isa ya hallaka aikin shekaru. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi goma cikin ɗari na kasafinsu ga aikin gona. Nijeriya ba ta kusanci wannan adadi ba, kuma daga ɗan abin da ake warewa, rabon kifi shi ne na ƙarshe.

A jami'o'i kuwa akwai wata illa ta dabam wadda ya kamata malamai su faɗa wa junansu gaskiya a kanta. Kowace shekara ɗalibai masu yawa suna zuba 'ya'yan kifi a cikin robobi, su ciyar da su garin zogale ko na wani ganye na mako takwas ko goma sha biyu, su auna, su rubuta kundi da Turanci, a ba su shaida, a jera kundin a kan kanta; malamin kuma ya buga takarda a mujallar da babu mai kiwon kifi ko ɗaya da zai taɓa gani, a ƙara masa girma. Ba na raina wannan, domin da haka ake koyon aiki. Amma tarwaɗa wata biyar ko shida take yi kafin ta isa kasuwa, a cikin ruwan rijiyar burtsatse, a ƙarƙashin ranar bazara ko ƙurar hunturu, kuma sakamakon da bai bi ta har ranar awo a gaban dillali ba, bai amsa tambayar mai jari ba tukuna.

Tambayoyin da suke jiran amsa kuwa a fili suke, kuma yawancinsu babu wanda zai amsa mana su daga waje, domin ba su dame shi ba. Allah ya hore wa ƙasar nan waken suya a Binuwai da Kaduna, da gyaɗa, da riɗi a Jigawa da Nasarawa, da angurya, da dusar shinkafa wadda injinan Kano da Kabi suke fitarwa tuli. Kowanne daga cikinsu yana da falalarsa da aibinsa. Waken suya yana da furotin fiye da kashi arba'in bayan an tatse mansa, amma ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari mai hana narkewar abinci, sai an gasa shi daidai, in ya yi ƙasa guba ta rage, in ya wuce amfanin ya ƙone. Ga shi kuma yana da ƙarancin amino ɗin da ake kira metayonin. Tunkuzar riɗi kuwa tana da yalwar wannan metayonin, amma ta gaza a laisin, wanda shi kuma waken suya yake da shi a wadace, har mai hankali ya ga cewa an halicci waɗannan biyu ne domin su cika juna. Abin da ya rage shi ne a san gwargwadon da za a haɗa su ga tarwaɗa mai wata ɗaya da mai wata huɗu, da irin riɗin da muke nomawa, ba wanda aka auna a littafin wata ƙasa ba. Angurya tana da guba mai suna gosifol wadda take taɓa girma da haihuwa. Tunkuzar gyaɗa da masara kuma, in an adana su da danshi, sukan kama fumfuna mai haifar da aflatoksin, dafin da duniya ta fara saninsa a 1960 sa'ad da talo-talo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa, kuma yana lalata hantar kifi kamar yadda yake lalata ta mutum. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ke Ibadan ta riga ta fitar da maganin da ake watsawa a gona domin rage wannan dafi, mai suna Aflasafe, amma mutum nawa ne cikin masu haɗa abincin kifi suke tambayar yadda aka noma masarar da suka saya? Ga kuma bitamin C, wanda tarwaɗa ba ta iya ƙerawa, kuma zafin injin da daɗewar ajiya suna kashe shi. Rashinsa ne yake kawo karkacewar gadon baya da tsagewar ƙoƙon kai da masu kiwo suke gani su ɗauka annoba ce, su yi ta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ba bisa ƙa'ida ba.

Sa'an nan ga mas'alar hunturu, wadda ta keɓanta da mu mutanen Arewa da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Diffa. Kifi ba shi da zafin jiki na kansa, zafin ruwansa shi ne nasa. Tarwaɗa ta fi ci da girma in ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30, amma a daren Disamba da Janairu ruwan tanki a Kano ko Jos yakan sauka ƙasa da ashirin, sai ta daina ci, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, jarirai su mutu. Littattafan da aka rubuta domin Ibadan ko Fatakwal ba su san wannan ba. Nawa ya kamata a rage abinci a waɗannan watanni, wane zurfin kududdufi ne yake riƙe ɗumi, wace rumfa ce mai araha za ta kare wurin ƙyanƙyasa, kuma shin a cikin tarwaɗar Tafkin Chadi ko ta Gulbin Rima ko ta fadamar Nguru, waɗanda suka yi dubban shekaru suna shan wannan sanyi, babu zuri'ar da ta fi ta Holan jure shi? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da gaggawa, domin masu ƙyanƙyasa da yawa suna ɗaukar iyaye daga cikin 'ya'yan uwa ɗaya shekara bayan shekara, irin yana raunana, kuma kifin kiwo da yake tserewa da ambaliya yana gaurayuwa da na daji, har wata rana mu nemi asalin namu mu rasa. Sarkawa da Kabawa, waɗanda suka san wurin kwanan ramboshi da lokacin ƙwan bargi da abin da giwan ruwa take farauta, suna riƙe da rabin wannan ilmi a ƙirjinsu, kuma dattawansu suna ƙarewa ba a rubuta ba.

Wani zai ce, ai kamfanoni sun zo, a bar musu. Gaskiya ne Olam ta buɗe masana'antar abincin kifi a Ilori a 2017, Skretting tana Ibadan, Grand Cereals tana Jos, kuma zuwansu alheri ne, domin sun rage dogaro da buhun da ake saukewa daga jirgin ruwa. Amma kamfani, bisa ɗabi'arsa, sirrin haɗinsa shi ne jarinsa, kuma ba a zarginsa in ya ɓoye. Wanda yake da tanki biyu a bayan gida, wanda ba zai iya sayen buhu ba sai ya niƙa nasa, yana bukatar ilmin da yake na kowa da kowa, kuma irin wannan ilmi babu mai samar da shi sai hukuma da jami'a da masu wakafi. Malamanmu na da sun san wannan babi. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i kamar noma da saƙa a cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya bari to al'umma duka ta yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa, ya sanya kula da manoma da masu sana'a a cikin haƙƙoƙin da suke wuyan shugaba. Ban ga ta inda binciken abin da zai ciyar da yaran da tamowa take nakasawa a jihohinmu zai fita daga wannan hukunci ba, kuma ina ganin attajirin da ya ɗauki nauyin ɗakin gwaji guda na shekara goma, ya yi sadaka mai gudana wadda ba ta gaza ta mai haƙa rijiya ba.

Akwai ma wurin da malamin fiƙihu da malamin kimiyya dole su zauna a tabarma ɗaya. Tsadar abinci ta tura masu kiwo da dama zuwa ga jefa wa tarwaɗa mushen kaji da kayan ciki da jinin mahauta, kuma masana a Kenya da wasu ƙasashe suna ta gwada tsutsar wani baƙin ƙuda, wadda ake reno a kan ragowar abinci da dusa, mai furotin wajen kashi arba'in, a matsayin madadin garin kifi. Mai saye Musulmi yana da haƙƙin ya san hukuncin abin da yake ci. Magabata sun yi bahasi a kan jallala, wato dabbar da galibin cinta ƙazanta ne: Malikiyya sun sassauta, Shafi'iyya sun karhanta, Hambaliyya sun tsananta har sai an tsare ta an ciyar da ita abu mai tsarki na wasu kwanaki. Amma mufti ba zai iya yin fatawa ingantacciya a kan garin jini da aka dafa aka busar, ko tsutsar da aka rena a kan dusa mai tsabta, ba tare da masani ya bayyana masa haƙiƙanin abin da yake faruwa a cikin injin da cikin kifin ba. Shi kuma masanin, in ya ƙirƙiro abincin da jama'a za su ƙyamace shi, ya yi wahalar banza. Mushen kaza da ba a san abin da ya kashe ta ba kuwa, ko da an sami mai sassauci a fiƙihu, likita ba zai sassauta ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar sabuwar ma'aikata ko sabon gini. Gwamnonin jihohin da suke da manyan madatsu, irin su Kano da Neja da Sakkwato da Gombe, su haɗa kai su ɗauki nauyin aiki guda na shekara goma, da kuɗin da aka killace wanda canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba, a damƙa shi ga cibiyar Bussa da jami'o'in yankin. A fara da auna kayan haɗin da ake sayarwa a Dawanau da Saminaka da Funtuwa, kaka da bazara, a fitar da jadawalin abin da kowanne ya ƙunsa. A tattaro iyayen tarwaɗa da karfasa daga Chadi da Kainji da Rima da Hadejia a ajiye kowace zuri'a dabam da rajistarta. A gwada haɗe-haɗen abinci a cikin kududdufan manoma na gaske, daga zubi har awo, a lissafa ribar da Naira. Kuma duk abin da aka samu, ko nasara ko akasinta, a rubuta shi da Hausa da Kanuri da Nupe, da boko da ajami, a karanta shi a rediyo, da ma'aunin da mai niƙa ya sani, wato mudu da tiya da buhu, kafin a kai shi kowace mujalla ta ƙasar waje.